Canel, angil, fayif ko bim: wane ƙarfe za ka saya, kuma a ina za ka sa shi?

Mutum ya haƙa burtsatse a gidansa, ya sayo tankin roba mai cin lita 2,000, saura abin da za a ɗora shi a kai. Mai walda na farko ya ce angil za a saya. Na biyu ya ce, "A'a Alhaji, canel ya fi ƙwari." Na uku ya ce an daina wannan yayin, yanzu fayif ake yi. Da ya shiga kasuwa kuma, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Dei-Dei a Abuja, sai mai shago ya taka wani jibgegen bim da ƙafa ya ce in dai kwanciyar hankali yake nema, ga ta nan.

Duk cikinsu babu wanda ya yi ƙarya, sai dai kowa ɓangaren da ya saba da shi ya faɗa. Hasumiyar tanki tana da ƙafafu, tana da gicciyen da ke hana ta rangaji, tana da gadon da tankin zai zauna a kai, kuma wahalar da ƙarfe ke sha a waɗannan wurare uku ba iri ɗaya ba ce. Ƙafa danna ta ake yi daga sama. Gicciye jan sa ake yi. Gado kuwa nauyi ne ke neman lanƙwasa shi ta tsakiya. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka tankin nan in ya cika, tan biyu ne cur a saman tsakar gidan da yara ke wasa.

Canel iri biyu ne, suna kawai ya haɗa su

In ka leƙa bakin canel za ka ga siffar harafin U, ko C in an tsayar da shi: baya guda shimfiɗaɗɗe, da fikafikai biyu da suka miƙe ta gefe ɗaya. Wannan siffar ce ta tara abubuwa biyu da bai kamata a haɗa su a lissafi ɗaya ba.

Akwai mai kauri, wanda ake murzawa a masana'anta ƙarfen yana ja zur. A ma'aunin Turai sunansa UPN, lambar da ke biye kuma tsayin bayansa ne a milimita. UPN 100, wanda kasuwa ke kira inci huɗu, bayansa milimita 100 ne, fiffikensa 50, kaurin baya 6, kaurin fiffike 8.5, kuma mita ɗaya tana da nauyin kilo 10.6. UPN 80 kilo 8.64 ne a mita, UPN 120 kilo 13.4, UPN 160 kilo 18.8, UPN 200 kuma kilo 25.3. 'Yan Ingila suna da nasu mai suna PFC, da ake rubutawa kamar 150x75x18, lambar ƙarshe ita ce nauyin mita ɗaya. Na Amurka da inci da fam yake tafiya: C6x8.2 na nufin inci shida, fam 8.2 a kowace ƙafa. A Maraɗi da Damagaram, inda sunayen Faransanci suka fi yawa a bakin 'yan kasuwa, UPN ɗin za ka ji kai tsaye.

Wani ɗan bambanci da mai walda ba ya damuwa da shi amma mai ɗaure noti yake shan wuyarsa: cikin fiffiken UPN ba a miƙe yake ba, gangare gare shi na kashi 8 cikin ɗari, ya fi kauri ta wajen baya. In ka huda shi ka sa noti, kan notin ba zai zauna daram ba, sai da washa ta musamman mai gefe ɗaya kauri. PFC da ɗan'uwansa UPE fikafikansu a daidaice suke ciki da waje. In aikinka na ɗaurewa da kwancewa ne, su za ka nema.

Sai kuma na falle. Shi wannan fallen ƙarfe ne siriri, galibi tsakanin milimita 1.5 zuwa 3, da inji ke lanƙwasawa a sanyi, a ƙara masa ɗan leɓe a bakin kowane fiffike don kada ya yi laɓo-laɓo. Sau da yawa yana zuwa da ruwan tutiya a jikinsa, fari ƙal. Mai tsayin milimita 100 da kaurin 2 bai kai kilo 4 a mita ba. Ka ga ke nan "canel inci huɗu" na iya zama mai kilo 10.6, yana iya zama mai kilo uku da rabi. Kama da wane ba ta wane. Na falle na ɗaukar kwano ne da silin da makamantansu, ba na ɗaukar tanki ko bulo ba.

A tsaye ko a kwance

Kuskuren da na fi gani a wurin aiki ba na saye ba ne, na ɗorawa ne. Mai walda yana son kwantar da canel, bayansa na kallon sama, saboda ya ba shi faffaɗan wurin ɗora kaya kuma yana zama lafiya a kan abin da ke ƙarƙashinsa. Ido yana ganin ya fi kyau haka. Amma duk kafinta ya san katakon rufi a kan gefensa ake tsayar da shi, in ka kwantar ka taka sai ya yi baka. Ƙarfe ma haka ne, har ya fi.

UPN 100 a tsaye ya fi kansa a kwance ƙin lotsawa sau bakwai, ya kuma fi shi ɗaukar nauyi kusan sau biyar. UPN 200 bambancin lotsawar ya kai sau goma sha uku. Ƙarfe ɗaya, kuɗi ɗaya.

Mu koma ga tankin Alhaji. Ƙarfen gini na yau da kullum, mai lamba S235, yana jure kusan kilo 24 a kan kowace milimita ɗaya murabba'i kafin ya lanƙwashe ya ƙi komawa yadda yake. A ce an shimfiɗa UPN 100 guda biyu, tazarar da ke tsakanin madogaransu mita biyu, kowanne ya ɗauki tan ɗaya a baje. In a tsaye suke, kusan rubu'in ƙarfinsu kawai aka taɓa, kuma lotsawar ba ta kai milimita uku ba, ido ma ba zai gane ba. In aka kwantar da su, wahalar ta zarce abin da ƙarfen zai iya jurewa. Ba lallai ya karye a ranar ba. Zai yi ciki, gindin tankin ya bi shi, robar ta fara tsagewa, mai gida ya yi ta zagin kamfanin tanki alhali ba laifinsa ba ne.

Daga nan ne ake gane cewa tsayi ya fi kauri riba. Daga UPN 100 zuwa UPN 140 nauyi ya ƙaru da rabi ne kawai, daga kilo 10.6 zuwa 16, amma ɗaukar kaya ya ninka biyu da ɗoriya, ƙin lotsawa kuma ya kusa ninka uku. Tazara ita ma tana da nata hukuncin mai tsanani. In kayan da ke kan kowace mita bai canza ba, ka ninka tazara biyu, lotsawa sau goma sha shida za ta ƙaru. Magina na da sun san haka da azara ba tare da sun riƙe alƙalami ba, shi ya sa in ɗaki ya yi faɗi suke ɗaura masa bakan gizo maimakon su nemo doguwar azara su miƙa.

Inda bim ya fi shi

Canel yana da wani hali da aka haife shi da shi: murɗewa. Tunda fikafikansa gefe ɗaya suka nufa, ba shi da daidaito tsakanin hagu da dama. Wurin da za ka danna shi ya lotsa ƙasa sak ba tare da ya juya ba, a wajen jikinsa yake, can bayan gadon bayansa, cikin iska. Duk kayan da ka ɗora a kan fiffikensa na sama, yana lanƙwasa shi yana kuma neman kifar da shi ta wajen buɗaɗɗen bakin. A gajeriyar tazara ba a lura. A doguwa, in babu abin da ya riƙe shi ta gefe, sai ka ga ya karkace tun kafin nauyin ya kai inda lissafi ya ce zai iya.

Bim mai siffar I ba shi da wannan matsalar a farkon lamari, domin gadonsa a tsakiya yake, fikafikai hagu da dama. Kuma ya fi tattalin ƙarfe. IPE 200, wato bim na ma'aunin Turai mai tsayin milimita 200, kilo 22.4 ne a mita, UPN 200 kilo 25.3, amma ƙarfinsu a tsaye kusan ɗaya ne, har bim ɗin ya ɗan ɗara. Tunda ƙarfe a ƙarshe kuɗin nauyinsa kake biya, duk inda ake son miƙa doguwar tazara a sarari, kamar bakin gareji, ko ƙarƙashin dakin na kankare, ko layin da ƙugiyar ɗaga inji za ta bi a wurin gyara, bim ne amsa, ba sai an yi dogon zance ba. Ko shi ɗin ma in ya yi tsawo yana son a riƙe fiffikensa na sama ta gefe.

Masu walda suna da dabarar haɗa canel biyu baya da baya su zama bim. Tana aiki, murɗewar ɗaya tana kashe ta ɗaya. Amma ka duba kuɗin: UPN 100 biyu kilo 21.2 ne a mita, alhali IPE 140 mai kilo 12.9 ya fi su ƙin lotsawa, ƙarfinsa kuma kaɗan ya rage ya kamo su. Ga kuɗin walda a kai. In don a ƙirƙiri bim ne kawai, asara ce.

Inda tagwayen canel suke da hujja shi ne wurin da ake son su rungumi wani abu a tsakiyarsu. Misali mafi kusa shi ne abin da ya zama ruwan dare a unguwanninmu: a fasa bangon ɗakin da ke bakin titi a mai da shi shago. Bim ba ya shiga bango sai an sare wurinsa, kuma a lokacin da ake saran babu abin da ke riƙe da ginin sama. Canel biyu kuwa ana iya manna su a fuskokin bangon, ciki da waje, a huda a ɗaure su da dogayen noti su matse bulon, sannan a fasa ƙasa. Shimfiɗaɗɗen bayan nan shi ne duk darajar canel. Shi ya sa ake yin gefen matakalar ƙarfe da shi, a manne matakai a jikinsa. Shi ya sa gindin janareta da injin niƙa da injin markaɗe suke zama a kansa. Shi ya sa yake dacewa da bakin baranda da gefen dandamali, inda ake son fuska ɗaya sumul. Amma zancen fasa bango, musamman in akwai bene a sama, ba aikin "ai mun saba" ba ne. A kira injiniya mai rajistar COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, ya duba abin da bangon ke ɗauke da shi. Kuɗinsa bai kai na buhunan simintin da za a sake saya ba in aka yi ɓarna, ballantana rai.

Fayif: sarkin ginshiƙi, mai ɓoye cutarsa

Ka ɗauki guntun bututun roba na ruwa ka murɗa shi da hannu biyu, zai ƙi. Ka tsaga shi da wuƙa daga kai zuwa gindi ka sake murɗawa, zai juya kamar igiya. Robar ba ta ragu ba, rufin ne aka buɗe. Bambancin fayif da canel ke nan. Fayif mai kusurwa huɗu na milimita 100 da kaurin 4 nauyinsa bai kai kilo 12 a mita ba, kusa da na UPN 100, amma ya fi shi ƙin murɗewa fiye da sau ɗari. Don haka firam ɗin get, da ƙofa, da duk abin da ke rataye ta gefe ɗaya yana lilo, na fayif ne. Get ɗin da aka yi wa firam da canel nauyi zai yi na banza, kuma kusurwarsa ta nesa da hinji za ta riƙa karkacewa.

A ginshiƙi ma fayif ne gaba. Dogon ƙarfe da aka danna daga sama ba murƙushewa yake yi ba, gocewa yake yi ta gefen da ya fi rauni, kamar karan dawa in ka dogara a kansa. Canel yana da gefe mai ƙarfi da gefe mai rauni, kuma nauyi ba ya tambayarka wanne kake so ya bi. Wancan fayif ɗin ta kowane gefe ƙarfinsa ɗaya ne, kuma ya fi raunin gefen UPN 100 kusan sau takwas. Canel guda tilo a matsayin dogon ginshiƙin rumfa ko ƙafar tanki, biyan kuɗin ƙarfen da ba ya aiki ne. In dole sai da shi, a haɗa biyu baki da baki su zama akwati.

To me ya hana a ce fayif kawai a ko'ina? Abu biyu. Na farko kauri. Da zarar an toshe bakinsa an shafa fenti, fayif mai kaurin milimita 1.2 da mai 3 fuska ɗaya gare su. Mai gida ya biya kuɗin mai kauri, abin da ke tsaye a gidansa Allah kaɗai Ya sani, sai mai walda. Canel da angil ba su da wurin ɓoye komai, ko bayan shekara goma kana iya kama gefensu ka auna. Na biyu tsatsa. In ruwa ya sami hanyar shiga fayif, ta bakin da aka bari a buɗe ko ta waldar da ba ta rufe ba, zai taru a gindi ya yi ta ci daga ciki, waje yana ƙyalli. Ranar da za ka gane ita ce ranar da ka doki gindin ginshiƙin da guduma ta shige. A ƙarƙashin tanki, inda ambaliya da ɗigo ba sa ƙarewa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Magani shi ne a toshe saman da faranti a zagaye shi da walda ruf, ko a bar ɗan rami a gindi ruwa ya riƙa fita. Canel duk jikinsa a fili yake, buroshi yana kaiwa ko'ina. Sai dai shi ma in ka kwantar da shi baki sama ya zama kwatami, ƙurar hunturu ta taru, damina ta jiƙa ta.

Akwai kuma wahalar ɗaure noti a jikin fayif: hannu ba ya shiga ciki, in kuma ka huda ta gefe biyu ka matse, sai siririn ya lotse.

Angil

Angil, mai siffar harafin L, shi ne mai arha a cikinsu, 50x50x5 (kowane fiffike milimita 50, kauri 5) kilo 3.77 ne a mita. Shi kaɗai a matsayin gado bai da wani abin kirki, ya fi canel saurin murɗewa. Ƙarfinsa a tarayya yake. Ka dubi turakun babbar wayar lantarki da ta taso daga Shiroro ta bi Kaduna ta iso Kumbotso a Kano: angil ne zalla, an saƙa shi kusurwa uku-uku an ɗaure da noti, ga tsawo ga iska, suna nan tsaye.

Sirrin yana cikin wata ƙa'ida: in ka ninka tsawon siririn ginshiƙi biyu, abin da zai ɗauka kafin ya goce ya koma rubu'i. In ka riƙe shi a tsakiya ta kowane gefe, ka dawo masa da ninki huɗun. Gicciye ke nan. Hasumiyar da aka yi da matsakaicin angil aka saƙe ta da gicciye a dukkan fuskoki huɗu ta fi wadda aka yi da ƙaton ƙarfe aka bar ta tsirara. Abin takaici, gicciyen ne abu na farko da ake ragewa in kuɗi ya gaza, wai ado ne.

Saboda haka da ni ne Alhajin nan, hasumiyar ba da ƙarfe iri ɗaya zan yi ta ba. Ƙafafu angil mai kauri ko fayif mai kauri da na auna da hannuna, gicciye angil, gado kuma canel mai kauri a tsaye, a ɗaure su da juna da gajerun ƙarafa don kada su kife. A saman gadon a shimfiɗa faranti ko katako a jere kusa da kusa, domin tankin roba yana son duk gindinsa ya zauna a kan abu shimfiɗaɗɗe. Kowace ƙafa ta sami farantinta da noti a cikin kankare, saboda ranar da tanki ya zama fanko iskar farkon damina ta taso, nauyin da ke danne hasumiyar ya tafi. In tsawon ya wuce na gida mai hawa ɗaya, ko tankin ya kai lita 5,000, girman kowane ƙarfe injiniya zai faɗa.

Rufi: canel na falle ko katako

A ƙaramin gida katako yana nan da ransa. Kowane kafinta ya iya shi, ƙusa ce kawai, kuma gyara ba wuya. Abokan gabarsa gara da ɗanyen katakon da ke bushewa a kan gini yana murɗewa. In ɗakin taro ne, ko masallaci mai faɗi, ko sito, ko ɗakin kaji mai tsawo, canel na falle ya fi: a miƙe yake, ba ya da nauyi, gara ba ta san shi ba, kuma yana ba ka damar nisanta ginshiƙai. Akwai ɗan'uwansa mai siffar Z, wanda ake iya zura ƙarshen ɗaya cikin ɗaya a kan madogara su zama kamar ƙarfe guda mai tsawo. A dogon gini mai tazara da yawa Z ya fi riba, C kuma ya fi dacewa da tazara guda da gefen ƙofa da taga.

Abin da ake mantawa shi ne rufinmu ba nauyi ne ke kashe shi ba, iska ce. Guguwar da ke zuwa gaban ruwan farko ɗaga kwano take yi sama, don haka wahalar tana juyewa, fiffiken ƙasa wanda kwano bai riƙe ba shi ke shan matsi. Shi ya sa ake sa 'yan ƙarafa masu haɗa layi da layi a tsakiyar tazara, kuma shi ya sa ɗaurin rufin da bango ya fi komai muhimmanci. Sannan siririn ƙarfe mai tutiya ba ya son walda. Wuta tana huda shi, tana ƙone tutiyar a daidai mahaɗa, inda aka fi buƙatar ta. Noti da sukuru ne nasa. Hayaƙin tutiyar kuma yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji, madarar da yaran walda ke sha bayan aiki ba ta hana komai, iska da abin rufe hanci ne ke hanawa.

Masu gina shaguna a kasuwa su riƙe wannan: ƙarfe ba ya cin wuta, amma in zafi ya kai wajen digiri 600 kusan rabin ƙarfinsa ya tafi, siririn kuma shi ke fara sallamawa.

Akwai wurin da murɗewar canel ta zama alheri. Ka leƙa ƙarƙashin babbar mota, dogayen ƙarafan shasi biyu canel ne, da gangan, don motar ta iya murɗawa a kan ramuka ta dawo ba tare da ta tsage ba. Masu ƙera motocin suna hana huda ko walda a kan fikafikan shasi, nan ne wahala ta fi taruwa. Masu ƙera bodi su kiyaye. Masu sola kuma suna da nasu ƙaramin canel na milimita 41 mai ramuka a jere, wanda noti ke zamewa a cikinsa. Na ɗaure faranti da waya ne, kada a ɗora masa abin da ya fi haka.

A bakin shago

An ƙulla kwangilar gina masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta da Tarayyar Sobiyet a 1979, kuma cikin tsarinta akwai sashen da zai riƙa murza bim da canel. Har yau ba ta kai ga narka tama ba. Masana'antun Katsina da Jos da Osogbo kuwa rodi da waya aka gina su su yi. Sakamakon shi ne manyan canel da bim galibi ta jirgin ruwa suke zuwa, farashinsu yana bin dala, kuma a rumfa ɗaya kana iya samun na ma'aunin Turai da na Ingila da wanda ba shi da ma'aunin kowa, duk ana ce musu inci huɗu.

Don haka kada ka saya da suna, ka saya da sikeli. Cikakken UPN 100 mai tsawon mita 6 kilo 63.6 ne, mai mita 12 kuma kusan 127. In aka ɗora mai mita 6 ya nuna 50, kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfen babu shi, ko da farashin ya yi maka daɗi. Araha ba ta ado. Ka tafi da tef ka auna tsawon, kada ka ɗauka duk sanda mita 6 ce. Ka tafi da abin auna kauri, ɗan ƙaramin nan da makanikai ke riƙewa, ka kama baya ka kama fiffike, fayif kuma ka auna shi nesa da bakin yanka, domin kaifin yanka yana ƙara masa kaurin ƙarya. Ka ɗaga ƙarshensa ka hango shi da ido ɗaya, wanda ya riga ya murɗe a tsakar shago ba zai miƙe a gidanka ba. In aikin babba ne, ka nemi takardar masana'anta mai nuna lambar ƙarfen, ko S235 ne, ko S275, ko S355, ko A36 na Amurka.

Tsohon ƙarfe da aka ciro daga rusasshen gini ko tsohuwar masana'anta sau da yawa ya fi sabon da ke gefensa cika ma'auni, kuma ba na ƙin sa. Jan tsatsa na sama ba komai ba ne, buroshin waya zai cire. Wanda za ka guda shi ne mai ɓamɓarewa falle-falle, da mai ramuka kamar zanzana, da wanda ya fito daga gobara, da wanda aka gasa aka miƙe.

In ka zo kwatanta farashin da masu walda biyu suka ba ka, ka ce kowa ya rubuta girman ƙarfe da kaurinsa da yawan sanduna, ba jimillar kuɗi kawai ba. Ka tambayi sandar waldar da zai yi amfani da ita: E6013 da aka saba ta isa ga get da rumfa, amma mahaɗar canel mai kauri da za ta ɗauki tan-tan tana son sanda mai kauri, geji 10, wuta isasshiya, da walda mai tafiya a jere, ba ɗige-ɗigen da ake rufewa da fenti ba. Jan fentin hana tsatsa kuma a shafa shi tun ƙarfe yana ƙasa, musamman bayan canel biyu da za a manne da juna, domin da zarar sun haɗu buroshi ba zai sake ganin wurin ba.